Inno ta Cikin Littafi

Ni dai ba na son littafin nan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Duk Boɗinga an san haka. In kana son ka ga na tashi daga wurin biki ban ci shinkafa ba, to ɗauko zancen Ƙwaryar Inno. Wai an ba shi lambar yabo, wai ana karanta shi a rediyo duk Juma'a da la'asar, wai 'yan makaranta har haddace shi suke yi. To, sai me? Innon da ke cikinsa uwata ce, kuma a cinyata kanta yake ranar da ta cika.

Malami ɗan Alhaji Bawa ne ya rubuta shi. Katanga ce kawai ta raba gidansu da namu. Lokacin babban farin nan da ya ƙarar da shanu shi yana kwaleji, yakan zo hutu da farar riga da takalmi mai igiya. Babanmu ya tafi ci-rani kudu bai dawo ba. Ƙanwata Atika tana ƙarama, aka kai ta Dingyaɗi wurin gwaggonmu don a rage baki. Ni kaɗai na rage da Inno, ina 'yar budurwa.

Abin da ke cikin littafin, in ba ka sani ba, ga shi. Wai kullum da yamma in an raba ɗan abin da aka samu, sai Inno ta kira 'ya'yan maƙwabta ta ba su nata, ta kife ƙwaryarta a bakin ɗaki, ta ce ta ƙoshi. Wai haka ta yi ta yi har ƙarfinta ya ƙare, ta mutu tana murmushi tana sa wa gari albarka. Shafi guda ya ɓata yana kwatanta murmushin nan. Rumbunan ubansa da ke bayan katanga, cike har wuya, bai samu layi ɗaya da zai sa su ba.

Ban musa ba, mutumin ya iya magana, kuma zaƙin bakin nan ne ma ya fi ba ni haushi. Mata suka ɗauki abin da zafi. In aka ce wance ta kife ƙwarya, yabo ne babba. Har 'yan siyasa, da kaya suka fara wuya, sai ka ji mai lasifika a bayan mota yana cewa mata su yi koyi da Inno, shi kuwa wuyansa ya fi na bijimi kauri. In an tambaye ni me ya sa ba na so, sai in ce ya cika tsawo, ko in ce muryar mai karantawa ce ba ta yi mini ba. Me zan ce? Ba a tona mamaci. Aka ce hassada ce, don ba a sa sunana a ciki ba. Maigidana da kansa ya taɓa ce mini, “Rahamatu, ke dai Allah bai ba ki hawaye ba.” Na ce to, na gode.

Atika kuwa, littafin nan shi ne uwarta. Ba ta ga komai ba, tana Dingyaɗi aka aika mata an yi rasuwa. Kamannin Inno ma sun ɓace mata, sai zanen da ke bangon littafin, wata mace mai dogon wuya da ba ta yi kama da kowa a zuriyarmu ba. Da ta isa aure, wani malamin firamare daga Shagari, Maniru, ya zo nema. Yaro mai hankali, mai kunya, amma littafin nan yake koyarwa a aji, kuma da shi ya koya mata karatun boko bayan aure. In zai gabatar da ita sai ya ce, “Ga ɗiyar Inno.” Ban hana auren ba, don ban ga laifinsa ba. Shekarunsu na farko ba haihuwa, sai daga baya Allah ya kawo ciki.

Sai dai cikin ya zo a mummunar shekara, shekarar da aka yi zaɓe na biyu na mulkin farar hula. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Sabulu ya ɓace, madara ta ɓace, shinkafa sai gidan masu katin jam'iyya. Albashin malamai ya tsaya cak. Mutane suna cewa ai Shagari garin manya ne, yunwa ba ta isa can ba. Ni ma na yarda, na kwantar da hankalina, ina ta tara itacen wankan jego. Haihuwar fari ce, gida za ta zo, gidan kuwa ni ce.

Ranar wata kasuwa ina zaune gaban albasata, sai ga Altine, wata mai saro kuɓewa busasshiya daga ƙauyukan Shagari. Ta durƙusa tana fara'a.

“Albishirinki, Rahamatu. Ƙanwarki ta zama Inno sak. Kullum sai ta kihe ƙwarya. Mata har daga Horo Birni suna zuwa ganinta.”

Na ce, “Da cikin?”

“Da cikin hwa. Ai shi na abin mamakin. Ke kam Allah ya yi muku baiwa a gidanku.”

Ban san lokacin da na rufe albasar da buhu ba. Na bar wa maƙwabciyata ta kula, na sayi fura da nono da ɗan kilishi, na tare akori-kura mai zuwa Shagari. Na san yadda ƙarshen wannan abu yake, na taɓa ganinsa da idona, kuma babu murmushi a ciki. In ba a yi wani abu ba Atika mutuwa za ta yi, ita da abin da ke cikinta.

Na isa bayan azahar. Tun daga zaure na ga mata zaune a gindin katanga, kowace da kwanonta a ɓoye cikin zane. Ba na zaginsu, yunwa ce ta kawo su. Amma akwai gidajen da suka fi na Maniru hatsi a unguwar nan, ba su je can ba. Sun zo inda suka san ba a iya ce musu babu.

Atika tana zaune a kan tabarma ta jingina da bango. Ƙafafunta sun kumbura har zoben azurfar da ke yatsar ƙafarta ya nutse. Fuskar ta cika, wanda bai sani ba sai ya ce ƙiba ce. Na kama hannunta na juya tafin, fari fat. Na ja fatar idonta, babu jini ko kaɗan. Ta yi mini murmushi a hankali, irin na shafin nan, har da karkata kai. Wallahi na ji kamar in mare ta.

“Sannu da zuwa, Yaya. Kin sha hanya.”

Surukarta, Gwaggo Zulai, ta shigo da ruwa. Tsohuwar kirki ce, ba zan yi mata ƙarya ba, kuma tana son Atika kamar ita ta haife ta. Ta zauna tana share ido da bakin gyale.

“Rahamatu, mun gode da wagga ɗiya da kunka ba mu. Ni ban taɓa ganin irinta ba. Ina ce mata ta ci, sai ta ce ta ƙoshi. Jini ba ya ɓata.”

Na ce, “Gwaggo, jinin ne ya ƙare. Ku duba idonta.”

Ta duba, ta ce haske ne.

Na fita zaure na sami Maniru, ya dawo daga makaranta. Ya rame shi ma, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na ce masa yarinyar nan asibiti take buƙata a Sakkwato, yau ba gobe ba, daga can kuma in wuce da ita Boɗinga. Ya sunkuyar da kai yana murza alli a yatsunsa.

“Yaya, na yi magana har na gaji. Na roƙe ta, na yi hushi, na ce umarni na. Sai ta buɗe min shafin da Inno tac ce ba ta barin maƙwabta cikin yunwa ta tahi neman magani. Ni nik koya mata karanta wurin nan. Da wane baki zan ce mata ƙarya ne?”

“Kai ka yarda gaskiya ne?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ya yarda da tashin kiyama. “Ai ke kina wurin,” in ji shi.

Na koma ciki. Na dama furar nan da nono, ta yi kauri, na yayyaga kilishin a faranti na ajiye gabanta. Na ce ta sha. Ta ce bismillahi, ta kai ludayi baki, ta ɗan taɓa leɓe. Sai ta ɗaga murya, muryar da da ƙyar take fita, ta kira wata daga cikin matan waje. Matar ta shigo tana sunne kai, ta miƙo kwano. A gabana Atika ta juye furar da na ɗauko tun daga Boɗinga, ta haɗa da kilishin. Matar ta fita tana cewa Allah ya jiƙan Inno. Atika ta juya ƙwaryar ta kife, ta ce, “Alhamdu lillahi, na ƙoshi.”

Shekara da shekaru na riƙe bakina. Na sha zagi, na sha sunan mai hassada, mai ƙeƙasasshiyar zuciya, duk na haɗiye don mutuncin matar da ke cikin kabari. Ranar nan na ga ba zan iya riƙe mutuncin mamaciya da ran mai rai a hannu ɗaya ba. Na ce Gwaggo Zulai ta yi haƙuri ta ba mu wuri. Ta fita, na saki labule.

Na ce, “Atika, kin san abin da ke ƙarƙashin ƙwaryar Inno?”

“Babu komi. Ta bayar.”

“Akwai tuwo. Nata kason, wani lokaci har da rabin nawa. Tana kihewa don kar in gani. In na tahi ɗibar ruwa sai ta buɗe ta cinye, ta suɗe ƙwaryar, ta mayar ta kihe. Na sha laɓewa ina ganinta. Malami yana leƙe ta kan katanga da yamma, ya ga ƙwarya a kihe, ya tahi ya rubuta abin da ya yi mai daɗi.”

Ta ce, “Yaya, ki ji tsoron Allah.”

Ban tsaya ba. Na gaya mata yadda muka yi ta tonon gidan tururuwa muna tsintar ƙwayar da suka tara, da yadda muka ci tafasa ba gishiri har bakinmu ya yi baƙi. Na gaya mata ranar da na ba wata yarinyar maƙwabta loma guda don tana kuka, Inno ta mare ni har kunnena ya yi kwana da kwanaki yana ƙara. Na gaya mata yadda Inno ta ja jiki ta je ƙofar Alhaji Bawa, ta tuna musu sussukar da ta yi ta yi musu, aka ce maigida ba ya nan, ta tsaya a ƙofar tana tsine musu uwa da uba har murya ta dushe. Na ce ranar da za ta cika ba ta sa wa kowa albarka ba. Ta riƙe wuyan hannuna, farcenta ya shiga, tana cewa in nemo mata ko dusa ce, ita ba ta son mutuwa, ba ta shirya ba.

Ina faɗa ina kuka, ni da aka ce ba ni da hawaye. Ba don haushin Inno nake kuka ba. Ban taɓa riƙe ta a zuciya ba, ko sau ɗaya. Mace ce mai son rai, mai faɗa, mai dariya da ƙarfi, wadda in ta yi waƙar niƙa har maƙwabta sai sun amsa. Yunwa ta murƙushe ta, ta yi kokawa da ita da haƙori da farce, ta faɗi. Wannan ce uwata, kuma ina sonta yadda take. Malami ya kashe mini ita karo na biyu, ya sa wani salihin gunki a wurinta, gari duka yana tafa masa. Na ɗauka in Atika ta ji, ita ma za ta so ta gaskiyar.

Na ce, “Inno da ta samu wagga hura da ba ta ba kowa ba. Da ta ga abin da kike yi ma cikinki da ta ci mutuncinki.”

Murmushin ya tafi, fuskar ta koma tata, ta yarinyar da na sani. Can ta ce, “Rantse.”

Na rantse da Alƙur'ani.

“Rabin naki kika ce?”

“Wani lokaci. Ba kullum ba. Atika, ba ta cikin hankalinta, yunwa...”

“Kina ɗiyarta.”

Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta ɗaga labule ta nufi madafa. Akwai sauran ɗanwake da Gwaggo Zulai ta ajiye wa Maniru. Ta zauna a ƙasa ta jawo tukunyar tsakanin ƙafafunta, ta shiga ci da hannu, ba ta ko tauna sosai. Abincin ya taso mata, ta juya ta amayar, ta goge baki ta ci gaba. Wata mata ta leƙo da kwano, Atika ta ɗago ta ce, “Babu.” Matar ta tsaya baki buɗe. Gwaggo Zulai ta dube ni, ta ce me na yi wa yarinyar.

Washegari da safe Maniru ya samo mota muka tafi Sakkwato. Likita ya yi faɗa sosai, ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Aka yi mata ƙarin jini, Maniru ne ya bayar. Na kwana da ita a asibiti har aka sallame ta, ina dafa mata hanta da zogale, tana ci tas. Amma ba ta yi mini magana sai ta dole. Miƙo ruwa, kira nas, ɗaga ni. Da aka sallame mu na ce to, sai Boɗinga, itace yana can yana jira. Ta ce ita Shagari za ta koma, Gwaggo Zulai ta iya wankan jego. Maniru ya yi ta ba ni haƙuri a tasha. Ban gaya masa komai ba, ita ma na ga alama ba ta gaya masa ba, don har ranar yana cewa addu'ar Inno ce ta tashe ta.

Na koma gida ni kaɗai. Itacen na yi ta girki da shi. Juma'a ta zagayo, maigidana ya kunna rediyo, ana daidai wurin murmushin. Na ɗauki tulu na fita, ko da yake randa cike take.

Ta haihu lafiya, mace, 'yar ƙarama amma mai ƙarfin kuka. Ranar suna na shirya tun da sassafe, na ɗauki turmin atamfa da sabulun da na sha wuya kafin in samu. Gidan ya cika. Mata suna ta cewa yau Inno za ta dawo, don kowa ya san sunan yanka na Inno Hadiza ne, kuma wa zai yi tunanin wani suna? Ni ma a raina na ce to, ko ba komai za a sake kiran sunan a gidanmu, a kan yarinya mai rai, mai ci, mai kuka. Sai muka ji maroƙi daga zaure yana shela cewa an raɗa wa jaririya suna Zulai.

Matan tsakar gida suka dubi juna, sannan aka fara guɗa sama-sama. Gwaggo Zulai ta rufe fuska tana cewa ita ba ta roƙa ba, wallahi ba ta roƙa ba. Na kutsa cikin ɗaki. Atika tana zaune bakin gado, ta yi kyau, jini ya dawo fuskarta, tana shayar da yarinyar. Gabanta akwai kwanon kunun kanwa da ƙaurin nama, ta kusa cinyewa. Na jira matan da ke ciki suka ragu, na durƙusa kusa da ita.

Na ce, “Atika, sunan Inno hwa?”

Ba ta ɗago ba. Ta gyara wa yarinyar kai a hannunta.

“Maniru ya so. Ni nic ce a'a.”

“Don mi?”

“Matar da ta ɓoye ma ɗiyarta tuwo? Ba ni sa ma tawa sunanta.”

Na ce ba haka nake nufi ba. Na ce ba ta san yunwar nan ba, ba ta ga yadda take mai da mutum ba, na ce Inno ta goya mu, ta yi mana kitso, ta sayar da zannuwanta kafin ta kai ga haka. Ta bari har na gama.

“Yaya, na gode da kinka zo,” in ji ta. “Ki ajiye kayan can bisa akwati. Kuma don Allah kar ki ƙara yi min zancen matar nan.”